Yo-yon da ya rabe biyu: mai butik za a kama ko kamfani?

Maman Bashir: Salamu alaikum ƴan uwa, ina wuninku. Shawara nake nema. Na saya wa Bashir yo-yo na ƙarfe, abin wasan nan da ake jefawa da zare ya sauka ya hawo, a wani butik kusa da babbar kasuwa, jikka huɗu, don cika alkawarin da na yi masa in ya ci jarrabawar lakwal. Cikin kwalinsa yake, ba a taɓa buɗewa ba. Tun jifar farko abin ya ƙi. In ya sake shi sai ya sauka ya tsaya yana karkarwa yana ƙara, ba ya hawowa hannu. Can kuma sai ya rabe biyu, ɓari ɗaya ya gangara ƙarƙashin gado. Na mayar wa mai butik, ya ce ba shi ya ƙera ba, in je in rubuta wa kamfani. Ya kuma nuna mini takardar da ya manna a bango, wai kayan da suka fita ba su dawowa. Na juya kwalin gaba da baya, ba adireshi, ba lambar waya, sai rubutun da ke cewa a Sin aka yi shi. Yaron nan tun jiya ko abincin kirki bai ci ba. Wa zan kama?

Baban Zuwaira: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Bashir haƙuri, ya ƙara masa basira. An ba ki faktir?

Maman Bashir: Ba a ba ni ba, ni ma ban tambaya ba. Amma tare da ƙanwar maigidana muka je, a gabanta na biya.

Abdul: Inna, kafin a kai ga maganar wa za a kama, a fara rarrabe abin da yake aibi da wanda ba aibi ba, don abubuwa uku kika ambata kuma ba hukuncinsu ɗaya ba. Ƙin hawowa hannu ba lallai ne lalacewa ba. Yo-yo iri biyu ne yanzu. Akwai wanda muka sani tun muna yara, da ka ɗan fizgi zaren ya hawo. Akwai kuma na gwanaye, mai faffaɗan boris a tsakiya, wato ɗan zoben ƙarfe mai juyawa da zare ke zama a kansa, da faffaɗan tsagi, wanda da gangan aka yi shi kada ya amsa fizga, don ya daɗe yana juyawa a ƙasa a yi ta wasa da shi a kan zare. Shi sai an lanƙwasa zaren an cusa cikin tsagin, robar da ke gefen boris ta kama, sannan ya naɗe ya hawo. Yawancin na ƙarfe irin wannan ne. Wasu kamfanoni kamar Magicyoyo sukan saka boris biyu a kwalin wasu samfuransu, siriri na ɗan koyo da faffaɗa na gwani. Ki duba ko akwai wata ƴar leda a cikin kwalin. Amma karkarwa da rabewa biyu, waɗannan kam ba haka aka yi shi ya yi ba.

Maman Bashir: Babu leda ɗana, zare ɗaya ne kawai a ciki.

Malam Idi mai agogo: Hajiya, ki ɗauko ɓarin biyu ki zauna inda akwai haske. Za ki ga ƴar ƙusa mai haƙora a tsakiya, ita ce ke riƙe da su. Ki sa ta a ramin ɗaya ɓarin ki murɗa a hankali da yatsa biyu, ban da ƙarfi. Ki gaya mini sau nawa take juyawa kafin ta kama, ko kuwa juyawa take yi ba ta kamawa. Sannan ki dubi cikin ramin, akwai garin ƙarfe fari mai ƙyalli? Ki kuma shafa bakin da'irar da yatsa, akwai inda ya lotsa ko fenti ya ɓare?

Maman Bashir: Na yi yadda ka ce Malam. Da ƙyar take shiga, juyi biyu sai ta sake ta yi ta zagayawa. Ramin fes yake, ba gari. Bakinsa kuma sumul, ko ƙwarzane babu, a kan ledar ɗaki ya faɗi. Ga hotuna nan na turo.

Malam Idi mai agogo: Na gani. Wannan ba aikin yaro ba ne. Jikin yo-yon alminiyom ne, ƙusar kuma baƙin ƙarfe ce, ta fi shi tauri. In yaro ya sa ta a karkace ko ya ɗaure da ƙarfin tsiya, ƙusar takan cinye haƙoran ramin, sai ka ga gari ya fito. In kuma da siminti ya buga shi har ƙusar ta lanƙwashe, bakin da'irar zai nuna. Nan ba ko ɗaya. Abin da na gani a hoton, ƙusar ta yi gajarta, kuma ramin ba a fitar masa da haƙora har ciki ba. Shi ya sa ɓarin biyu ba su zauna daidai a kan boris ba, shi ne karkarwar da kika gani. Daga masana'anta ya zo a haka. Zan iya nemo doguwar ƙusa in gwada, amma kada ki kawo mini yanzu. Da zarar hannun mai gyara ya taɓa shi, mai butik ya samu abin faɗa. Kada a sa masa mai, kada a sa gam, a mayar da komai cikin kwali har da zaren.

Alhaji Sani: Ku yi haƙuri in ce wani abu a madadin ƴan uwana masu kanti, don na san irin zagin da za mu sha a nan. Ni ma ina sayar da kayan wasan yara. Abin nan kafin ya iso Maradi ya bi hannu huɗu ko biyar. Ana ƙera shi a Sin, galibi a yankin Chenghai na birnin Shantou inda masana'antun kayan wasa suka yi yawa. Dillali ya saye shi a kasuwar Yiwu, a zuba a kwantena, ya sauka Legas ko Lome, babban ɗan kasuwa ya karɓa, mu kuma mu saro katon ɗaya ko biyu a Kano mu biyo ta Jibiya da Ɗan Issa, a biya mota a biya duwan. A yo-yon jikka huɗu abin da mai butik zai ci bai taka kara ya karya ba. In aka dawo masa da ɗaya, ribar guda da yawa ta tafi. Kuma shi ma a rufe ya saya, bai ga cikinsa ba. Laifin wanda ya ƙera ne, me ya sa za a ɗora wa wanda ya fi kowa rauni a layin?

Baban Zuwaira: Alhaji, wanda ya fi kowa rauni a layin ita ce Hajiya. Kai ka san wanda ya ba ka kaya a Kano, kana da lambarsa, kuna cin abinci tare. Shi ma ya san nasa na Legas. Ita wa ta sani in ba wanda ta miƙa wa kuɗi ba? Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Abdul: Kuma Baba Alhaji, ko ta so rubutawa babu wani wuri guda da ake kira kamfanin yo-yo. Wani ɗan ƙasar Filifin mai suna Pedro Flores ne ya buɗe masana'antarsa a Kalifoniya a 1928, daga baya Donald Duncan ya saye ta har da sunan. A 1965 wata kotun Amurka ta yanke cewa sunan ya zama na kowa, ba mallakar Duncan kaɗai ba. Tun daga nan duk mai injin narka roba ko yankan alminiyom yana iya buga wannan suna a kwalinsa. Masu suna irin su Duncan da Yomega da YoYoFactory suna rubuta sunansu da inda za a same su. Kwalin Inna ba shi da ko ɗaya. Cewa ta rubuta wa kamfani daidai yake da cewa ta haƙura.

Alhaji Sani: Na ji wannan. To amma takardar bango fa? Ya rubuta, ta gani ko ba ta gani ba tana nan. Ciniki ai bisa sharaɗi ne. Malam Habu yana cikin zauren nan, ya raba mu.

Malam Habu: Bismillah. Alhaji, gaskiya ne musulmi suna kan sharuɗɗansu, amma ba kowane sharaɗi ne shari'a ta amince da shi ba. Abin da malaman fiƙihu suka tsayar shi ne, wanda ya sayi kaya ya tarar da aibin da ya riga ciniki, wanda bai gani ba lokacin saye, kuma aibin yana rage daraja ko amfani, to yana da zaɓi: ya riƙe a haka ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Wurin wa zai mayar? Wurin wanda suka ƙulla ciniki da shi. Ba a ce ya bi sawun kayan har inda aka ƙera ba.

Akwai abu biyu da mutane ke haɗawa alhali daban suke. Na farko zunubin ɓoye aibi. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai tarin abinci, ya sa hannunsa ciki ya ji danshi. Mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Wannan ya shafi wanda ya sani ya ɓoye. Mai butik ɗin nan in bai sani ba, ba mu ce ya yi algus ba, kada kowa ya zage shi. Na biyu kuwa haƙƙin mayarwa, shi ba ruwansa da ko mai sayarwa ya sani ko bai sani ba. Rashin sani yana ɗauke zunubi, ba ya ɗauke haƙƙin mai saye.

Maganar takardar bango, malamai suna kiran irinta sharaɗin kuɓuta daga aibi. Hanafawa sun sassauta a kai. Amma mashhurin mazhabarmu ta Imamu Malik, irin wannan sharaɗi na jimla ba ya amfanar mai sayar da haja irin wannan. In ya san wani aibi ne takamaimai, ya nuna shi ya ce ga shi, mai saye ya yarda, to shi ke nan. Takardar tana da amfani ga wanda ya saya lafiya lau, gobe ya dawo ya ce kalar ce ba ta yi masa ba. Wannan ba dole a karɓa, ko da yake akwai hadisin da ya yi alkawarin Allah zai yafe tuntuɓen wanda ya karɓi uzurin musulmi ya warware masa ciniki.

Alhaji Sani: Allah gafarta Malam, ƙarin bayani ɗaya. In na sayi kankana na kai gida na yanka na tarar fara ce ba zaƙi, ai ba na mayar wa mai kankana. Shi bai ga ciki ba, ni ban gani ba. Kaya cikin kwali ba haka ba ne?

Malam Habu: Tambayarka mai kyau ce Alhaji, kuma malamanmu sun yi maganarta. Sun ce abin da ba a iya sanin aibinsa sai an lalata shi, kamar ruɓewar cikin itace ko ɗacin kokwamba, ba a mayar da shi, sai in an yi sharaɗi ko al'adar gari ta gudana a kan mayarwa. Dalili shi ne babu yadda mai sayarwa zai yi ya sani ba tare da ya ɓata kayansa ba. To yo-yo fa? A buɗe kwali, a sa zare a yatsa, a jefa sau ɗaya, an gani. Bai ragu ba, bai canza ba, a mayar da shi kwali a sayar. Hanyar sani a buɗe take ga mai butik tun ranar da katon ya iso. Don haka bai shiga hukuncin kankana ba. Allahu a'alamu.

Alhaji Sani: Na karɓa Malam. Allah ya ƙara sani.

Lawali: Bari in ƙara da ɓangaren dokar ƙasa, don ina aiki da irin waɗannan takardu. Kusan abin da Malam ya faɗa ne. Kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa, aya ta 1641, ta ɗora wa mai sayarwa lamunin ɓoyayyen aibin da ya hana kaya yin aikin da aka saye su dominsa. Aya ta 1642 ta cire aibin da yake a fili wanda mai saye zai iya gani da idonsa. Ta 1643 ta ce yana ɗauke da lamunin ko da bai san aibin ba, sai in an yi sharaɗin babu lamuni, kuma a nan ne masu takardar bango suke fakewa. Sai dai kotunan Faransa, inda ayar ta fito, sun daɗe suna ɗaukar wanda sayarwa sana'arsa ce a matsayin wanda ya san kayansa, don haka ba sa barin shi ya fake da irin wannan sharaɗi a gaban mai saye na gida. Ta 1644 ta ba mai saye zaɓi: ya mayar ya karɓi kuɗinsa duka, ko ya riƙe a rage masa. Ta 1648 kuma ta ce a yi magana cikin gajeren lokaci, don haka Hajiya kada ki bari kwanaki su tura. Ban da wannan akwai doka mai lamba 2015-24 ta 11 ga Mayu 2015 da ta kafa ginshiƙan kare masu saye a Nijar, kuma ma'aikatar kasuwanci tana da ofishinta a nan jihar Maradi. Rashin faktir bai kashe maganarki ba, kina da shaida. Amma ba zan ce a kai jikka huɗu gaban alƙali ba, kuɗin kabu-kabu kaɗai zai cinye ta. Amfanin sanin dokar shi ne ki shiga butik ɗin da sanin cewa haƙƙinki kike nema, ba alfarma ba.

Mariama: Ina gaida iyaye daga Faransa. A nan Turai an raba abin gida biyu. In kaya ba su yi aiki ba, kantin da ka saya za ka koma, yana ɗauke da garanti na shekara 2 bisa doka, ba shi da ikon tura ka wurin kamfani. In kuma kayan sun ji wa mutum ciwo, misali ɓarin ƙarfen nan ya tashi ya fasa idon yaro, to nan ne ake kama wanda ya ƙera, tun dokar Tarayyar Turai ta 1985. Wanda ya shigo da kayan daga waje ana ɗaukarsa kamar shi ya ƙera. In ba a gane mai ƙerawa ba, mai kanti ne zai amsa har sai ya faɗi wanda ya ba shi. A Ingila kuma dokar 2015 ta ba mutum kwana 30 ya mayar da kaya masu aibi ya karɓi kuɗinsa cif. Allah ya tsare, da ya rabe yana cikin juyawa kusa da fuskar Bashir da wata magana ake yi yanzu.

Maman Bashir: Wallahi Mariama sai da kika faɗa gabana ya faɗi. Ƙanwarsa tana zaune kusa da shi lokacin.

Baban Zuwaira: To ga shawarata Hajiya. Kada ki je da rana tsaka lokacin da butik ya cika, ɗan kasuwa ba ya son a kunyata shi gaban masu saye, taurin kai zai yi ko da ya san gaskiya. Ki je da safe yana buɗewa, tare da ƙanwar maigidan da aka yi ciniki a gabanta. Ki gaishe shi sosai. Ki miƙa masa ƙusar ya murɗa da hannunsa ya ji yadda take zagayawa. Kada ki fara da kuɗi, ki ce a musanya, ya fi masa sauƙi. Amma a buɗe sabon a gabanki a gwada. In ya ƙi, ki ce ba komai, za ki je wurin shugaban ƴan layinsu a sasanta. Galibi a nan magana take ƙarewa.

Alhaji Sani: Ki ƙara da cewa ya ɗauki hoton ƙusar ya tura wa wanda ya ba shi kaya. Ni mutumina na Kano in na tura masa hoto da wuri yakan cire mini a lissafi na gaba. In mai butik ya ga ba shi kaɗai zai sha asarar ba zai fi saurin sakin hannu. In ya ƙi ki gaya mini ta gefe wane layi ne, kada ki rubuta sunansa a nan, zan taka in same shi.

Maman Bashir: Barkanmu da hantsi. Mun je, alhamdu lillahi. Da farko ya sake nuna takardar. Na ba shi ƙusar ya murɗa, ya yi shiru. Sai ya sa yaronsa ya sauko da katon ɗin, suka shiga buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ashe ba namu kaɗai ba ne, wasu ma da hannu kawai suke rabewa. Mutumin nan jikinsa ya yi sanyi, ya ce wallahi bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ya zaɓo wanda ya ɗauru tsaf, amma shi ma ba ya hawowa da fizga, irin wanda Abdul ya faɗa ne. Ya ce ko in ɗauke shi, ko in ɗauki na roba mai walƙiya guda biyu, ɗaya na Bashir ɗaya na ƙanwarsa, ya cika mini canji. Na ce ya bari in yi shawara. Wanne kuka gani?

Hajiya Rabi: Yaya, shekarun ƙanwar nawa?

Maman Bashir: Biyu da rabi.

Hajiya Rabi: To don Allah kada mai walƙiyar nan ya shiga gidanki. Ina aiki a asibiti, abin da nake tsoro ke nan. Wutar da ke cikinsa ƙananan batir ne masu kama da maɓallin riga, kuma a irin masu arhar nan murfin ba shi da ƙusa, da ya faɗi ƙasa yake buɗewa. Yaro ya tsinta ya kai baki. In batir ɗin ya maƙale a maƙogwaro, yana haɗuwa da yawu ya fara ƙona naman wurin, cikin awa 2 yana iya yin mummunar illa, alhali yaron yana yawonsa, sai ɗan tari ko dalalar yawu ko ƙin abinci. Duk wanda ya yi zargin ɗansa ya haɗiye, asibiti kai tsaye, kada a sa shi amai, kada a jira gobe. In yaron ya wuce shekara 1 ana iya ba shi zuma cokalin shayi 2 duk minti 10 a kan hanya, tana rage ƙunar, amma ba ta maye gurbin cirewa. Jariri ƙasa da shekara ba a ba shi zuma. Sannan zaren kansa, mai shekara biyu tana iya naɗa shi a wuya. Ku riƙa duba kwali, in kun ga da'ira ja da fuskar jariri da lamba 0-3 an ja layi a kai, ma'anarsa ba na ƴan ƙasa da shekara 3 ba ne. Yo-yon Bashir ma a riƙa ajiye shi sama in ya gama.

Abdul: Inna ki ɗauki na ƙarfen da ya ɗauru. Kafin ki fito a jefa shi, yana juyawa Bashir ya ɗan taɓa gefensa da farce, in bai ji bugu ba lafiya yake. Maganar hawowa mai sauƙi ce. A ɗiga ɗigo ɗaya na mai mai ɗan kauri a boris ɗin, a kuma zagaya madaukin zaren sau biyu a kansa maimakon ɗaya, zai fara amsa fizga. In hannunsa ya faɗa sai a wanke boris ɗin ya koma yadda yake, in koya masa naɗin gwanaye. Tsawon zare kuma daga ƙasa zuwa cibiyarsa, a yanke saura a yi sabon madauki, a sa a yatsan tsakiya. Dogon zare ne ke sa yara buga shi da ƙasa. Zare yana cinyewa, da ya fara gashi a canza kafin ya tsinke ya tashi da ƙarfe. In ba a samu na saye ba, zaren tela na foliyesta in an haɗa silli da yawa an murɗa an ninka biyu yana yi.

Malam Idi mai agogo: Ɗigon man ni zan sa masa, ya biyo ta rumfata. Ku kuma sani ƙurar garin nan ba ta barin boris, musamman da hunturu. Kada ya yi wasa da shi a kan rairayi. In ya fara ƙara a kawo, a cire boris ɗin shi kaɗai a wanke da ɗan esans nesa da wuta, a bari ya bushe sarai. Esans kada ya taɓa robar gefe, yana lalata ta. Kuma ɗaurewa da yatsa kawai, da ya tsaya a tsaya.

Alhaji Sani: Lawali, tambaya gare ka. Maganar katon nan ta tsaya mini, don ina da irinsa guda a sito ban buɗe ba. Mu tsakaninmu ƴan kasuwa, akwai wa'adin da doka ta sa na yin magana?

Lawali: Akwai Alhaji. Ciniki tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa dokar OHADA ce ke kula da shi, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da wasu ƙasashen Afirka suka haɗu a kanta, wadda aka sabunta a 2010. Aibin da yake a fili ranar karɓar kaya, wata 1 gare ka ka sanar da mai ba ka, in ya wuce haƙƙin ya faɗi. Ɓoyayye kuma shekara 1 daga ranar da aka gano shi ko ya kamata a gano. Wannan zai yi maka aiki in daga Yamai ko Lome ko Kwatano ka saro, don ƙasashen duk suna cikin OHADA. Najeriya ba ta ciki, don haka da mutuminka na Kano abin da kuka yi yarjejeniya a kai da amanar da ke tsakaninku su ne jarinka. Ka riƙa sa shi ya rubuta maka ko a saƙon waya cewa lalatattu a kansa suke, kuma ka buɗe katon a makon da ya iso.

Alhaji Sani: To Abdul, ranar Asabar bayan la'asar in ba ka da karatu ka zo sito mu buɗe su gaba ɗaya, ka jefa ina ware masu kyau. Malam Idi, in ka samu irin doguwar ƙusar nan ka gaya mini kuɗin dozin.

Malam Idi mai agogo: Sai na auna ta tukuna. Ka aiko mini da lalatacce ɗaya gobe da safe.